Tabarau Zuwa Firitawun

Filin jirgi yana can, birni yana nan,
teku ta kwanta tsakani, ba ta matsa wa kowa.
Ban taɓa jin garin da za ka sauko daga sama
sannan ka shiga neman jirgin ruwa ba.
Na zauna, jaka a cinya,
hanjina na hawa da sauka.
Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta miƙo mini lemun tsami,
ba ta ce uffan ba, hancinta kawai ta nuna.

A aljihuna akwai tabarau cikin tsumma,
da 'yar takardar da Sori ya rubuta a tsaye:
gidan Pa Alimami Kargbo, ka wuce rimi, ka hau tudu.
Shi ke nan.
Wai kowa ya san babansa.

Motar haya a nan sunanta foda-foda.
Yaron mota na rataye a ƙofa da hannu guda,
kuɗi a ninke tsakanin yatsunsa kamar fiffiken fara,
yana rera sunayen unguwanni
da saurin da kunnen baƙo ba ya kamawa.
Na shiga don na ga mutane na shiga.
Kafin in gyara zama an ɗora mini yaron wata,
ya yi barci a ƙirjina kamar mun saba.
A titin Kisi muka tsaya cak,
har mai gyaɗa ta sayar, ta je ta nemo canji,
ta dawo ta tarar da mu inda ta bar mu.

Da na sauka na tambayi mai gyaran takalmi: ina rimin?
Ya ɗaga allurarsa ya nuna mini sarari.
Ga shi nan, in ji shi.
Iska ta kayar da shi wata damina,
amma har yau a gindinsa ake kwana,
har yau daga gare shi ake ƙirga hanya.
Na daɗe ina kallon wurin da babu inuwa.

Sai ruwa.
Ba irin wanda ke aiko da hadari ya yi sallama ba,
wannan kwarara yake kamar an kifar da randa.
Santigi mai babur ya ce in hau, ya san gidan.
Bai sani ba.
Alimami Kargbo uku muka samu a tudu ɗaya:
na farko tela ne, idonsa garau,
na biyu ya rasu bara, matarsa ta ba mu kujera,
na uku yana goye a bayan uwarsa.
Babur ya yi tari, ya ce iyakarsa nan.

Wata yarinya, Yabu, da bokiti a ka,
ta ji sunan Sori ta yi dariya.
Na bi diddigenta, matakala bayan matakala,
jan laka na cin takalmina,
ita ko ɗigo bai zuba mata ba.

Tsohon na zaune a baranda, yana sauraren ruwa.
Ya warware tsumman a hankali, ya saka,
ya dube ni tun daga sama har ƙasa.
Ashe haka ka jiƙe, in ji shi.
Sannan ya juya ga birnin da ke shimfiɗe ƙarƙashinmu,
rufin kwano, hayaƙi, jiragen kamun kifi,
ya miƙa yatsa yana bin hanyar da na biyo,
yana girgiza kai.
Ka ga inda ka sauka? Ka ga gidana?
Da ka tambayi mai kifin nan,
ai maƙwabciyata ce.